Magariba a Gaɓar Argin, Zangon Tsuntsaye 'Yan Ci-Rani



Bari in fara da tambaya. Yaushe rabon da ɗayanmu ya tsaya cak ya kalli rana har ta faɗi? A garuruwanmu magariba lokacin sauri ce. Mai shago yana jawo ƙofa, yaro yana koro awaki, kaji suna shiga akurki, uwa tana ƙwala wa 'ya'yanta kira, maza suna tsugune da buta a ƙofar masallaci. Tun muna ƙanana aka hore mu kada almuru ta riske mu a waje, kuma tarbiyya ce mai kyau wadda har gobe nake riƙe da ita. Sai kuma ga hunturu ya zo da nasa. A watannin nan rana ba ta kaiwa ƙasa a idonmu. Tana saman rimi hazo zai haɗiye ta, ta koma fara fat kamar kwanon da aka goge da toka, daga nan ka neme ta ka rasa.

Yau ina so mu bi ta zuwa inda take faɗuwa sosai, a gaban ido, cikin ruwa. Mu miƙa yamma, mu wuce Sakkwato, mu wuce Yamai, mu ratsa Mali, har ƙasa ta ƙare mana a Muritaniya. Tsakanin Nuwakshot babban birnin ƙasar da Nuwadibu ta arewa akwai wata gaɓa da ake kira Argin. Lokacin da za mu je shi ne ƙarshen sanyi, daga tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne babu komai tsakanin hamada da teku. Babu daji, babu fadama, babu ko kogi guda da ke zuba. Rairayin Sahara ne yake gangarowa har ya tsoma ƙafa cikin Atilantika. Ruwan wurin kuma ba shi da zurfi. Ana iya yin nisa sosai daga tudu ƙasan ruwa na nan kusa, cike da tuddan yashi da ke ɓoye. Matuƙan jiragen Turai sun daɗe suna tsoron wurin, kuma da dalili. Ranar 2 ga Yuli, 1816, wani jirgin yaƙin Faransa mai suna Medus, kan hanyarsa ta zuwa Senegal, ya kafe a wannan yashi. Aka harhaɗa katako aka ɗora mutum kusan 150 a kai, igiyar ruwa ta tafi da su. Bayan kwana 13 da aka tsinto su, 15 kawai aka tarar da rai. Wannan rashin zurfi da ya hallaka su shi ne arzikin wurin. Idan teku ya janye, yakan bar filin laka mai faɗin kusan murabba'in kilomita 500, yawancinsa lulluɓe da ciyawar teku, ƙarƙashin lakar kuma tsutsotsi ne da ƙananan kaguwa da halittu masu ɓawo dangin katantanwa, ba iyaka. Can waje kuma, iskar arewa tana ture ruwan sama daga gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi da ni'ima ya taso ya maye gurbinsa. Shi ya sa tekun Muritaniya yake cikin mafi yawan kifi a duniya, alhali ƙasar da ke bakinsa ko ciyawar kirki ba ta fiddawa.

To mu zauna a kan tudun yashi kusa da ƙauyen Iwik, da la'asar sakaliya. A rufe jiki da kyau, don iskar nan tana ratsa ƙashi.

Wanda bai taɓa zama bakin teku ba zai so a yi masa bayanin wani abu. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, kuma wata ne ke jan ragamarsa. Kullum lokacin cikar yana jinkirta da kamar minti 50 a kan na jiya. Idan wata ya tsaya sabo, ko ya kai daren goma sha huɗu, cikar takan fi girma, janyewar ma ta fi nisa. Mu da muke duban wata don azumi da salla, ga wasu halittu da wata ke tsara musu lokacin cin abinci. Tsuntsayen Argin ba ruwansu da safiya ko dare. Ruwa ya janye, su sauka kiwo ko da tsakar dare ne. Ruwa ya dawo, su tashi su nemi tudu su jira.

Mai kallo da ya yi sa'a shi ne wanda cikar teku ta zo masa daidai da faɗuwar rana. Da fari ba za ka ga komai ba sai fili mai sheƙi, da wasu ɗige-ɗige can nesa kamar an watsa gero. Sai ruwa ya fara shigowa, a hankali, ba hayaniya, yana cike ƙananan kwari yana haɗe su. Ɗige-ɗigen nan su fara matsowa. Sai ka gane ashe ƙasar ce gaba ɗaya take motsi. Kowane ɗigo tsuntsu ne, kai a sunkuye, baki yana shiga laka yana fita kamar allurar tela. Ruwa ya taɓa musu ciki, su ɗan matsa gaba. Ya sake taɓawa, su sake matsawa. Har wuri ya ƙure, sai wani sashe ya tashi, sauran su bi, dubbai a lokaci guda. Duk wanda ya taɓa ganin jan-baki sun taso wa gonar gero ya san yadda garken tsuntsaye ke murɗewa a sama kamar hayaƙi. Haka waɗannan suke, sai dai da wani ƙari. Bayansu toka-toka ne, cikinsu fari. Idan suka juya maka baya sai garken ya yi duhu, idan suka karkata ciki ya fuskanci rana sai duk su haska lokaci ɗaya, ja-ja da hasken yamma, kamar an girgiza mayafi mai zare biyu. Idan shaho ya ratso, garken ya tsage biyu ya sake haɗewa a bayansa.

Su nawa ne? A 1980 wasu masana daga ƙasar Holan suka zo suka ƙirga, suka samu sama da miliyan 2 na tsuntsayen bakin ruwa a wannan gaɓa kaɗai. Kusan dukkansu baƙi ne. A arewacin Turai da Sibiriya aka ƙyanƙyashe su, wasu ma daga Girinlan. Kafin ƙanƙara ta rufe ƙasarsu abinci ya yanke, sai su yo kudu su yi watanni a nan, lokacin aiki ya zo su koma gida. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan rayuwa. 'Yan ci-rani ne.

Ba su kaɗai ba ne a wurin. Ga kwasa-kwasa suna jere a kan yashi, manya farare, kowanne da jakarsa a maƙogwaro. Ga filamingo masu dogon wuya da launin hoda suna taku cikin ruwa kai a ƙasa. Ga zalɓe, wani irinsa mai farin kai wanda a wannan gaɓa yake hayayyafa. A gefen laka ga kaguwa masu hannu ɗaya ƙato suna ɗaga shi suna saukewa a bakin raminsu. A tsibirin Tidra, mafi girma a yankin, har yanzu akwai sauran bareyi. Wanda ya ƙura ido a kan ruwa mai zurfi zai iya ganin bayan dolfin ya ɓullo ya nutse, ko kan kunkurun teku ya leƙo ya shaƙi iska.

Yanzu mu ɗaga kai mu dubi ranar kanta. A watan Fabrairu wajen ƙarfe 7 na yamma take faɗuwa a agogon Muritaniya. Gaɓar tana fuskantar yamma, saboda haka babu gini, babu itace, babu dutse tsakaninka da ita. Me ya sa take yin ja? Hasken rana haɗin launuka ne. Da tsakar rana yana ratso iska ta gajeriyar hanya ya iso kanka. Da yamma kuwa a karkace yake zuwa, sai ya keta iska mai kauri ninkin-ba-ninkin. A hanya shuɗin launi yakan watse, ja da ruwan goro su iso. Ƙura kaɗan tana ƙara wa jan armashi, ƙura mai yawa kuma ta kashe shi, irin yadda muke gani a gida. Ranar da iskar gabas ta taso daga hamada, Argin ma sai ta koma kamar Kano a watan Janairu. Ranar da iskar teku ta share sama kuwa, za ka ga ranar ta sauko ƙatuwa, ta ɗan baje kamar an danne ƙwallon fura, gefenta ya taɓa ruwa.

Ga wani abu da ya daɗe yana sa ni tasbihi. A daidai lokacin da ka ga gindin rana ya taɓa ruwa, ita ranar ta riga ta gama shigewa ƙasan layin. Iska ce take lanƙwasa hasken ta ɗago maka shi, kamar yadda sanda ke zama a karye idan an tsoma ta cikin randa. Gwargwadon wannan lanƙwasa ya yi kusan daidai da faɗin ranar. Wato abin da kake kallo a waɗannan mintoci biyu zuwa uku na ƙarshe, rana ce da ta riga ta tafi. Idan sama ta yi garau, wani lokaci ɗan gefen ƙarshe yakan yi wani kore shar na daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ya ɓace. Masu zama bakin teku sukan yi shekaru suna jiran su ga wannan.

Me ya sa na zaɓi ƙarshen sanyi? Domin lokacin ne zango yake fara motsi. Duk wanda ya ji labarin fatake daga bakin kakanni ya san yadda zango yake kwana biyu kafin ayari ya tashi: ana ɗaure mangala, ana duba kofaton jakai, ana ƙulla guzuri. Masu fara tashi a Argin su ne wasu fararen tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da baki kamar ludayi. Da yawansu a tsibiran Holan suke ƙwai, kuma tun Fabrairu zuwa Maris suke kama hanya don su riga wasu kama wurin sheƙa. 'Yan'uwansu na gida, waɗanda a Argin suke haihuwa, su kam suna nan.

Amma wanda nake so mu sa wa ido wani ɗan ƙarami ne, bai wuce kurciya ba. Masana suna kiransa Calidris canutus. Mu kira shi jan-ƙirji, don ko da yake duk tsawon sanyi toka-toka yake, idan tafiya ta matso yakan sake gashi, ƙirjinsa ya koma launin jar ƙasa. A Fabrairu yawancinsu ba su fara ja ba tukuna, sai cikin Maris ake ganin ɗaiɗaiku. Gidansu yankin Taimir ne, can ƙuryar arewacin Sibiriya, nisan kusan kilomita 9,000 daga nan. A zango biyu suke yin tafiyar. Ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu su tashi daga Argin, su yi fiye da kilomita 4,000 zuwa Tekun Wadin da ke gaɓar Holan da Jamus da Denmak. Su yi makonni a can suna ci, sannan su sake tashi zuwa Taimir su iso farkon Yuni, daidai lokacin da ƙanƙara ke narkewa. Wannan tsuntsu ba agwagwa ba ne da zai sauka kan teku ya huta. Abin da ya ɗauko a jikinsa shi ne zai kai shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka aikinsa a waɗannan makonni ci ne. Yakan soka baki cikin laka ya lalubo 'yar halitta mai ɓawo biyu, ya haɗiye ta ɗungurungum, ƙundunsa ya niƙe ɓawon. Kitse yana taruwa a ƙarƙashin fata har nauyinsa ya ƙaru da kusan rabi. Tsokar ƙirji da ke kaɗa fiffike tana ƙara girma. A wasu tsuntsaye irinsa an ga cewa gab da tashi kayan ciki sukan motse, don babu amfanin ɗaukar abin da ba za a yi aiki da shi a sama ba. Wani ɗan'uwansa mai dogon baki, wanda shi ma dubbansa suke cin rani a Argin, shi ke riƙe da kambun doguwar tafiya ba tare da sauka ba a duniya. A 2022 wani matashi daga reshen danginsa na Alaska, ɗan wata biyar, ya tashi bai sauka ba sai a Tasmaniya ta Ostireliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11, ba ci ba sha.

Masanan da suka zauna a Argin suna lura da tashin waɗannan ayari sun ga cewa mafi yawansu da yamma suke tashi, cikin awannin da suke gab da faɗuwar rana. Sai 'yan goma-goma su ware gefe, su daina ci, su yi ta kuka da wata murya dabam, suna ɗaga fiffike suna saukewa. Sai su tashi, su yi sama, su jeru, su fuskanci arewa. Gwaje-gwajen da aka yi kan wasu tsuntsaye masu ƙaura sun nuna cewa suna amfani da inda rana ta faɗi da yanayin hasken sama na wannan lokaci su daidaita alƙiblarsu, kafin taurari su fito su karɓi jagora. Faɗuwar ranar da mu muke kallo don sha'awa, ga su madugu ce.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauko wannan batu. Shekara da shekaru wasu masu bincike na wata cibiyar nazarin teku ta Holan, tare da 'yan Muritaniya ma'aikatan gandun ƙasa na Argin, suna zuwa Iwik kowane sanyi. Su kama jan-ƙirji da raga cikin dare, su auna nauyinsa da tsawon bakinsa, su sa masa zobba masu launi a ƙafa, su sake shi. Sannan su yi kwanaki suna tsaye cikin laka da madubin hangen nesa suna karanta launukan zobba, suna rubuta wanda ya dawo da wanda bai dawo ba. Aiki ne mai cin rai, kuma na tabbata wanda ya wuce ya gan su zai ce Turawan nan sun rasa abin yi. A 2016 wani daga cikinsu, Jan van Gils, da abokan aikinsa suka buga sakamako a mujallar Science. Sun gano cewa jan-ƙirji yana ƙanƙancewa, bakinsa yana gajarta.

Dalilin yana can Taimir. Cikin shekara 33 narkewar dusar ƙanƙara a yankin ta matso gaba da kimanin mako biyu, saboda ɗumamar yanayi. Ƙwarin da 'yan tsaki ke ci suna fitowa ne bayan narkewar. Iyaye kuwa suna isowa a lokacin da suka saba. Kafin ƙwai ya fashe, kasuwar ƙwari ta fara watsewa. Ɗan tsako ya tashi da yunwa, ya girma tsumburarre da gajeren baki. A hakan zai yi ƙoƙari ya keto duniya ya iso Argin. A nan ne abin yake kama shi. Halittar da ta fi yawa kuma ta fi ƙosarwa tana binne da ɗan zurfi cikin laka. Mai dogon baki ya kai gare ta. Mai gajere ba ya kaiwa, sai ya koma cin saiwar ciyawar teku wadda ba ta riƙe ciki. Da aka bi lissafin zobba, sai aka ga masu gajeren baki su suka fi mutuwa a shekararsu ta farko. Bambancin 'yan milimita ne, bai kai faɗin farce ba. An yi ɓarnar a Sibiriya, ana biyan bashin a Muritaniya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka gano. Babu wanda zai zo Argin yau ya ga alamar matsala. Garken yana nan yana murɗewa a sama, rana tana faɗuwa da kyawunta. Sai wanda ya zo bana, ya zo baɗi, ya zo shekara goma sha biyar a jere yana kallon wuri ɗaya, shi ne zai iya cewa jama'a akwai abin da ya sake. Ƙirgen da aka yi ta maimaitawa tun bayan na 1980 ya nuna jan-ƙirji da wasu ire-irensa sun ragu sosai a wannan gaɓa. Shi ya sa ba na yarda a kira irin wannan kallo zaman banza.

Akwai kuma masu kallon da suka riga Turawa da ɗaruruwan shekaru. Su ne Imragen, masuntan wannan gaɓa, mutanen da ba su fi dubu ɗaya da wani abu ba, warwatse a 'yan ƙauyuka kamar Iwik da Mamgar. Tsohuwar sana'arsu kamun wani kifi ne mai tafiya garke-garke yana bin gaɓa zuwa kudu daga ƙarshen shekara. Mutum ɗaya yakan tsaya kan tudu yana duban launin ruwa. Idan ya ga inuwar garken, sai maza su shiga ruwa da ƙafa, koma a kafaɗa, su yi masa ƙawanya. A yankin Mamgar an shaida wani abu da ya ba duniya mamaki: masunta suna dukan ruwa da sanda, dolfin su taso daga zurfi su koro kifin zuwa gaɓa, mutum ya samu, dabba ta samu. Wannan ya yi ƙaranci ƙwarai yanzu. Mata su ke da aikin tudu, su shanya tsokar kifin, su tatsi mai daga kansa, su busar da ƙwansa wanda ke da tsada a kasuwannin waje. Ruwan sha kuwa shi ne wahalarsu ta kullum, ga teku a ƙofar ɗaki amma babu na jiƙa maƙoshi.

A 1976 gwamnatin Muktar Wuld Dada ta mai da yankin gandun ƙasa, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 12,000, kusan rabi tudu rabi ruwa. Wani masanin hamada Bafaranshe, Théodore Monod, yana cikin waɗanda suka matsa a yi hakan. A 1989 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. Abin da ya fi burge ni a dokar gandun shi ne ba a kori mutanen wurin ba. An bar wa Imragen su kaɗai haƙƙin su a ciki, da sharaɗin babu jirgi mai inji. Kwalekwalensu na katako ne mai babban ƙyalle da iska ke turawa, samfurin da suka gada daga masuntan tsibiran Kanari. A ganina wannan shi ne adalci, domin wanda ya zauna da wuri shekaru aru-aru bai cinye shi ba, ba shi ya kamata a fara tuhuma ba.

Ba zan ce komai lafiya lau ba. Da 'yan kasuwa suka zo neman fiffiken kifin shak don kasuwannin Asiya, wasu masuntan gandun sun karkata can, kuma irin waɗannan kifaye ba sa saurin hayayyafa. A wajen iyakar gandun manyan jiragen ƙasashen waje suna kwasar kifi, a Nuwadibu kuma masana'antu suna niƙa ƙananan kifaye su mai da su gari don abincin dabbobi a wasu ƙasashe, kifin da talakan Afirka ta Yamma yake miya da shi. A gefen gabas ga garin Shami da aka kafa a 2012, wanda ya zama matattarar masu wanke zinariya, kuma da sinadarin makuri ake wannan aiki. Iskar wurin daga tudu take busowa zuwa teku.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da gaɓar Muritaniya? Muna da namu zangon. Fadamar Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe, tana karɓar baƙi daga Turai da Asiya kowane hunturu: ƙananan agwagin daji da tsuntsayen bakin ruwa da ke sauka a gonakin shinkafa bayan girbi. A Dagona har wurin kare su aka keɓe. Su ma a Fabrairu da Maris suke ƙulla guzuri, kuma abin da ke gabansu Sahara ce sukutum. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke cika fadamar ta ragu, ga kuma kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Manomi da masunci da makiyayi su suka fi jin wannan a jikinsu, tsuntsu yana biye. Turawan Ingila ma sun taɓa jin fari na ƙasarmu ta wannan hanya. A bazarar 1969 wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba jin kukansa a shingayen gonakinsu bai dawo ba sai kaɗan, kusan kashi biyu cikin uku sun ɓace. Da aka bincika sai aka ga ruwa ne bai sauka a Sahel ba a daminar 1968, farkon farin da daga baya ya ci dabbobi da mutane. Mu kuma mun san shamuwa, mun san zuwanta yana nufin a gyara garma. Idan wata shekara ba ta sauka kan kukar ƙofar gari ba, wa zai lura, kuma wa zai rubuta?

Mu koma kan tudunmu, don rana ta shige. A wannan yanki duhu ba ya jira, minti ashirin da 'yan kai ne tsakanin faɗuwar rana da lokacin da fuskar mutum za ta fara ɓacewa. Jan ya bar ruwa ya koma sama, ya zama launin makuba, sannan ya dusashe. Kwalekwalen Imragen suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, ana naɗe ƙyalle, ba ƙarar inji sai ta igiya da katako. Daga ƙauye ladan ya ɗaga murya. Masunta suka jeru a kan yashi, suka ba teku baya suka fuskanci gabas, ragowar hasken yana kan kafaɗunsu.

A bakin ruwa dila ya fito daga bayan tudu yana sunsuna abin da igiya ta watso. Tsuntsayen sun cunkushe a kan ɗan yashin da ruwa bai rufe ba, kowanne a ƙafa ɗaya, baki cikin fiffike, duk sun fuskanci iska. Ba ka ganinsu yanzu, sai dai ka ji su, wani gunaguni mara yankewa kamar kasuwa daga nesa. Nan da awa biyu ko uku ruwa zai ja baya ya buɗe laka, su sauka su ci gaba da ci cikin duhu, da baki suke lalube. Saura musu wata biyu su tashi.